Dakashi da Tururuwa

A zamanin da na haife ku, mace ba ta ba jariri nono ranar da ta haihu. Sai an yi kwanaki ana matse na farkon ana zubarwa a bayan ɗaki, wannan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da muke kira dakashi. Ana cewa datti ne da ya taru tun shigar ciki, kuma jaririn da ya sha shi cikinsa zai ɓaci. Kafin nonon ya yi fari sai a riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi, ko madarar akuya, ko a lasa masa zuma. Haka aka yi mini a gidanmu na unguwar Shamaki, haka aka yi wa uwata a Kano kafin cinikin auduga ya kawo mahaifina Gombe, kuma ban taɓa jin wadda ta tambayi dalili ba. Yanzu kuwa ina ganin jikokina mata suna haihuwa, kafin su gama numfashin wahala an ɗora musu ɗa a ƙirji, suna zaton tun asali haka duniya take. Ba haka take ba. A gidanmu dai akwai ranar da abin ya juya. Tun da na ji kuna ba da labarin ranar a karkace, wasu na cewa na ci mutuncin Goggo Dija da gangan, wasu na cewa a kan tiyata muka saɓa, gara in rubuta muku yadda aka yi tun idona yana ganin layi.

Kun san ban zauna wuri ɗaya ba. Bayan rasuwar mahaifinku na ɗauki fataucin atamfa da turare, na sha zuwa Garwa da Injamena a mota, na zauna a Omdurman da Jidda, daga baya har Dubai. Fillanci a nan Gombe na tsince shi a bakin maƙwabta, Larabci a kasuwa, Faransanci kuwa iya wanda zan yi gardama da ɗan kwastan. Babban abin da tafiya ta koya mini shi ne, abin da kike ɗauka doka a garinku, a wani gari abin dariya ne. A Omdurman mai masaukina ta taɓa kawo mini wani abu a kwano, mai laushi da zaƙi, ta ce liba ne, sai baƙo mai daraja ake yi wa. Na sha rabi kafin in gane dakashin saniya ne aka dafa da sukari, na riƙe cokali a sama na rasa yadda zan yi. A Jidda kuma 'yar mai gidan da nake haya ta haihu da safe, kafin azahar na tarar da yaro yana tsotso. Na ja uwarta gefe na ce su dakata nonon ya wanku. Kallon da matar nan ta yi mini har yau ban manta ba. Na ajiye waɗannan abubuwa a raina kawai, na ce kowace ƙasa da nata.

Sai shekarar da Adama, matar ɗan'uwanku Nasiru, ta zo haihuwar fari. Adama 'yar tsohon gida ce a unguwar Malam Inna, Fulanin gari, masu aikin gwamnati da shanu a daji. Uwarta ta rasu tana ƙarama, yayar ubanta, Goggo Dija, ita ta riƙe ta har ta kai ta ɗaki. Ku da ba ku riski Goggo da ƙarfinta ba, doguwa ce siririya, ba ta ɗaga murya, kuma rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo. Idan ta ce a'a a kan mai jego, maganar ta ƙare. Muna shiri da ita ƙwarai. Takan ce da ni, "Bakanuwa, ƙafarki ba ta san hanyar gida ba," ni kuma in ce mata shanunta sun fi ta sanin duniya.

Nasiru ya riga ya tare a sabon gidansa na Tumfure, lokacin masara ce ta kewaye shi ta ko'ina. Damina ce, ruwa ya kwana yana zuba, motarsa ta kafe a laka tun a ƙofar gida, sai a keke aka kawo Adama asibiti, tana cije gefen mayafi duk tsawon hanya don kada mai keke ya ji muryarta. Da aka duba aka ce yaro ya kwanta a gicciye, ba zai fito da kansa ba, sai an yi aiki. A nan nake so ku gyara labarinku. Goggo Dija ba ta hana tiyata ba. Da Nasiru ya tsaya yana jinkirin sa hannu a takardar aiki, ita ce ta dube shi ta ce:

"Je ka sa musu hannu. A yi abin da zai fitar mini da ita."

Bayan azahar aka fito da yaro namiji, lafiyayye, uwarsa ma idonta biyu, domin daga ƙugu zuwa ƙasa kawai aka kashe mata jiki. Likitar da ta yi aikin yarinya ce Batangala, ba ta kai Nasiru shekaru ba, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Turanci. Ta same mu a baranda ni da Goggo, ta ce tana so a sa yaro a nono yanzu-yanzu, kuma a bar shi kwance a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Goggo ta ce ai sai nono ya wanku. Likita ta ja kujera ta zauna, ta ce:

"Mama, bari in gaya muku dalili. Yaro yana fitowa ne cikinsa kusan babu kowa. Idan ya biyo ta hanyar da aka saba, yana ɗebo wasu ƙananan halittu daga jikin mamansa, ido ba ya ganinsu, kuma ba masu cuta ba ne. Su ne ke fara zama a hanjinsa, su koya wa garkuwar jikinsa wane ne ɗan gida, wane ne ɓarawo. Wannan yaron mun ciro shi ta sama, bai bi ta wurinsu ba. Ba wai ya lalace ba, zai kamo sauran. Amma abin da zai fi taimaka masa shi ne nono, musamman wannan na farkon. Akwai kariyar mamansa a ciki, kuma shi ne abincin halittun nan masu kyau."

Na ce da ita, wato kamar matafiyi. Wanda ya tafi Injamena a mota, kafin ya isa ya tsinci gaisuwa a tasha, ya san kuɗin garin, ya san wanda zai amince wa. Wanda jirgi ya ajiye a Dubai kuwa ya sauka kurma ne, idan bai sami mai masauki ba kowa ɓarawo ne a idonsa, ko kuma kowa ɗan'uwa. Ta yi dariya ta ce za ta ari wannan misali. Ni kuwa a lokacin ne abin da na gani a Jidda ya zauna mini daidai a kai.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce:

"Nonon mai lafiya ma sai an wanke, balle na wadda aka ɗura wa allurai aka yanka?"

Likita ta ce allurar ba za ta cuci yaro ba, kuma ta roƙe mu kada a lasa masa zuma ko ruwa, domin hanjin jariri bai isa ɗaukar zuma ba. Tana cikin magana aka kira ta, wata ta zo da jini, ta tashi da gudu. Nas ɗin da ke ɗakin ita kaɗai ce da gadaje cike. Aka bar mu da junanmu.

Goggo ta shiga wurin Adama, jim kaɗan ta fito da cokali a hannu, ta tare shi da ɗayan tafin. Akwai wata darbejiya a harabar asibitin inda 'yan dubiya ke shimfiɗa tabarma, a nan matan gidansu da namu suka taru da kwanukan abinci. Ta zauna a tsakiyarsu ta ajiye cokalin, na ga ɗigon dakashi ne ta matso. Ku yaran yanzu ba ku san gwajin nono ba. Tururuwa ake ɗaukowa a jefa a ciki. Idan ta yi iyo ta fita, nono mai kyau ne. Idan ta mutu a ciki, mugun nono ne, sai an matse shi an sha magani kafin yaro ya kusance shi. Goggo ta sa tsinke ta ɗauko ɗaya daga cikin masu bin kwanon tuwo, ta jefa. Tururuwa ta yi ta motsa ƙafa, ta kasa gaba ta kasa baya, can ta yi shiru. Mata suka fara salati ƙasa-ƙasa.

"Kun gani," in ji Goggo. Ta buɗe jakarta ta fito da 'yar kwalbar zuma. "Wannan za a lasa masa, da ruwan ɗumi, har nonon ya yi fari."

Ina so ku fahimci inda na tsaya. Adama ba za ta taɓa ƙetare maganar Goggo ba, ko da wuƙa a wuyanta. Nasiru suruki ne, ko ido ba ya haɗawa da ita. Idan an sallame su kuma, Malam Inna za a wuce da mai jego wankan gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Dakashi kuwa ba ya jira, 'yan kwanaki ne ya wuce, ba ya dawowa. Yaron da aka ce ya riga ya rasa guzurin hanya, ga shi za a zubar da wanda ya rage masa a bayan ɗaki. A duk wurin nan ni kaɗai ce shekaruna da matsayina suka isa in buɗe baki a gaban Goggo. Na kuma san abin da buɗe bakin zai jawo.

Na fara da lallami, da Fillanci, don kada matan gidanmu su ji duka. Na ce, Goggo, idan saniyarku ta haihu, kandin nan, wato nononta na farko, kuna hana ɗan maraƙi? Ta ce ba a hanawa, maraƙin da bai sha ba ba ya kai labari. Na ce to? Ta juyo ta amsa mini da Hausa, yadda kowa zai ji:

"Hajiya, Adama ba saniya ba ce."

Aka yi dariya, kuma ni aka yi wa. Wata daga cikin matan ta ce ai Hajiya ta daɗe a ƙasar Larabawa, ta manta da na gida. Na sunkuya ina kallon cokalin nan, ina kallon tururuwar da ta manne a ciki kamar an liƙa ta. Na taɓa dakashin da ɗan yatsa, na ji yana danƙo. Sai na dubi kwalbar da ke hannun Goggo.

Na ce, "Goggo, wannan zumar ta ina ce?"

Ta ce ta daji ce, daga rugarsu aka kawo, ba irin ta kasuwarku da ake haɗawa da sukari ba.

Na ce, "Ɗan sam mini."

Ta miƙo mini. Na ɗauki murfin kwano na tsiyaya kaɗan a kai, na karɓi tsinken da ta yi aiki da shi, na ɗauko wata tururuwar na saka. Wannan ko motsin kirki ba ta samu ta yi ba. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, zuma ta riƙe, ta kwanta. Na tura murfin kusa da cokalin, suka jeru.

Na ce, "Zumarki ma ta kashe ta. Ita ma mu zubar?"

Wata tsohuwa daga gidansu ta ce, "A'a, zuma kam waraka ce, Alƙur'ani ya faɗa."

Na ce, "To ashe ba guba ce ke kashe tururuwa ba. Kauri ne ke kama mata ƙafa. Da a ruwan wanki muka jefa ta da ta fita lafiya, sai mu ce a ba jariri ruwan wanki?"

Da a nan aka tsaya, ina jin da Goggo ta haɗiye. Amma wata ƙanwar mahaifinku, Allah ya jiƙanta, ba ta iya riƙe dariya ba, ta fashe da ita har tana dukan cinya, wasu suka taya ta. Wannan dariyar ce ta yi ɓarna. Goggo ta rufe kwalbarta a hankali, ta mayar jaka, ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce da ni cikin Fillanci:

"Jikanki ne, Hajiya. Ni riƙo kawai na yi."

Ta fita ta ƙofar asibiti ba ta waiwayo ba.

Ban bi ta ba, na shiga ɗaki. Adama tana kwance fuskarta na kallon bango, yaro yana cikin zani a ɗan gadonsa yana juya kai yana tsotsar hannu. Labari ya riga ni shiga, domin na ga hawaye a gefen idonta. Nas ta zo ta ɗauko shi za ta ɗora mata, Adama ta ja zani ta rufe ƙirji har wuya. A nan na ga akwai sauran katanga. Ɗan fari ne, kuma ni uwar miji ce. A tarbiyyar da aka yi mata, ko kallonsa ba za ta yi a gabana ba, balle ta buɗe ƙirji ta rungume shi. Kunyar ɗan fari a wurinsu ta fi tamu nauyi. Na san mata da suka bar ɗan fari yana kuka har wata ta zo ta ɗauka, don kada a ce sun nuna so.

Na ce, "Adama, ba zan ce ki saɓa wa Goggo ba, ita ta raine ki. Kin ji abin da likita ta ce, kin ji abin da aka yi a waje. Yaro naki ne. Ni zan fita in tsaya a bakin ƙofa, ba wanda zai shigo."

Na karɓi yaron daga hannun nas don ta gyara mata matashi, da niyyar in miƙa mata shi in fice. Na juya ke nan sai na ji murya ƙasa-ƙasa, kamar ba daga gadon ta fito ba:

"Hajiya, ku ba ni shi."

Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa roƙona komai ba. Na sunkuya na kwantar da shi a ƙirjinta, sama da wurin ɗinki, na kawar da kaina. Nas ta tallafa masa ƙeya. Ya yi ta lalube, ya kama ya saki, ya yi fushi irin na kakansa, can ya kama da gaske. Na ji ƙarar haɗiyarsa ina fuskantar bango. Na fita na ja ƙofa na tsaya, na hana kowa shiga har la'asar, har da Nasiru. Na shiga manyan kasuwanni na fito da riba, amma ban taɓa jin na ci nasara kamar tsayuwar nan a bakin ƙofa ba.

Abin bai tafi a banza ba. Goggo ta karɓi 'yarta wankan gida kamar yadda ya kamata, ta kula da ita, ba ta kuma hana shayarwa ba, domin ta ce ta cire hannunta. Amma ranar suna, da aka raɗa wa yaro Haidar, ta shige ɗaki ba ta fito wurin mata ba. Idan na je dubiya in gaishe ta, sai ta ce lafiya, shi ke nan. Babu Bakanuwa, babu zolaya. Matar da muke raba goro ɗaya da ita ta koma yi mini gaisuwar baƙi, kuma Adama ce ke tsakiya tana shan zafin duka biyun. Haka muka ci Sallah ƙarama da babba. Daga baya na shirya na je na same ta ita kaɗai, na ba ta haƙuri a kan dariyar, domin ko ba ni na yi ta ba, ni na buɗe mata ƙofa. A kan zumar ban ba da haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ta kawo mini fura muka sha, amma sai da aka daɗe kafin ta sake tsokanata.

Haidar kuwa kun gan shi. Ba zan ce muku bai taɓa mura ko zazzaɓi ba, ya yi kamar kowane yaro. Likita ma ta gaya mana ba alkawari take yi ba, taimako ne ake ba jiki. Amma masu jiran su ga ɗan tiyata ya tashi a kumame, kullum a hannu, sun gaji da jira. Maigidan nan nawa kafin ya yi wayo ya hana kajin Tumfure sakat, yanzu kuwa sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa.

Labarin da ya fi yi mini daɗi Adama ce ta kawo mini shi, wajen shekara biyu bayan haka. Wata maƙwabciyarsu a Malam Inna ta haihu a gida, aka kira Goggo kamar kullum. Kakar yaron ta matso dakashi a cokali ta aika a nemo tururuwa. Goggo ta ce a kawo mata zuma tukuna. Ta zuba a murfi, ta jefa tururuwa, ta jera shi da cokalin a gaban mata, ta ce:

"To, wanne za ku zubar?"

Na tambayi Adama ko ta ambaci inda ta samo wannan dabara. Adama ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ta ce tun tana yarinya ta lura da haka a ruga." Na ce gaskiya ne, a bar mata. Maganar da ta fito daga bakina gida ɗaya ta gyara. Da ta koma bakin Goggo Dija, unguwa ce ta ji, domin babu mai jegon da za a yi wa gardama idan an ce Goggo ce ta faɗa.

Wannan shi ne abin da ya faru. Tun daga shekarar nan, a gidanmu da gidansu, ko ta hanya yaro ya zo ko ta tiyata, a ƙirjin uwarsa yake fara sauka, kuma ba a sake zubar da dakashi ba.